Katin da ke ƙirga yaranmu: abin da likitocin Ingila suka gano game da ƙarancin bitamin D

Ga shi rana ta fara saurin faɗuwa, an fito da rigunan sanyi, kuma daga yanzu har ƙarshen watan Maris yaranmu a ɗaki za su fi zama. Shi ya sa kwamitin lafiya ya ga ya dace fitowar wannan karo ta tsaya a kan wani ciwo da yawancinmu ba mu ɗauke shi namu ba, wato laushin ƙashi da ƙarancin bitamin D ke jawowa, da kuma hanyar da aka bi har aka san cewa yaranmu na cikin waɗanda ya fi kamawa.

Bari mu fara da adadi. Daga Maris 2015 zuwa Maris 2017, likitocin yara a faɗin Birtaniya sun ba da rahoton yara 125 'yan ƙasa da shekara 16 da aka tabbatar suna da wannan ciwo. A ƙasar da ke da yara sama da miliyan 12, wani zai ce ai wannan bai taka kara ya karya ba. Amma da aka duba ko 'ya'yan su wane ne, sai aka ga kashi 43 cikin 100 baƙar fata ne, kashi 38 kuma 'ya'yan mutanen Indiya, Pakistan da Bangaladash, alhali mu baƙar fata ba mu kai kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Yara biyu sun rasu, domin ƙarancin ya raunana musu zuciya. Ciwon da takardun hukuma ke cewa ba safai ake ganinsa ba, a ƙofar gidanmu yake zaune.

Katin da ke zuwa kowane wata

A ƙa'idar ƙasar nan, ciwon da ke kama ƙasa da mutum ɗaya cikin 2,000 shi ake kira ciwo mai wuyar gani. Wahalar irin waɗannan cututtuka ita ce likita yana iya shekara goma yana aiki bai haɗu da mai ita ba sai sau ɗaya ko biyu. Likitan Manchesta ya ga yaro ɗaya, na Lesta ya ga ɗaya, na kudancin Landan ya ga biyu. Kowa ya yi magani ya sallami nasa, babu wanda ya san cewa abu ɗaya ne ke faruwa a ko'ina.

Don magance wannan aka buɗe wani sashe a 1986 mai suna BPSU, wanda aikinsa sa ido a kan cututtukan yara masu wuyar gani. A yau yana zaune ne a ƙarƙashin ƙungiyar manyan likitocin yara ta ƙasa, RCPCH, da haɗin gwiwar hukumar kare lafiyar jama'a ta gwamnati da cibiyar binciken lafiyar yara ta jami'ar UCL a Landan.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Kowane wata ana aika wa manyan likitocin yara na Birtaniya da Ailan, su sama da 3,000, wani kati mai ruwan goro. A da takarda ce a akwatin wasiƙa, yanzu ta intanet yake zuwa, amma sunan katin bai canja ba. A jikinsa akwai jerin cututtukan da ake bin sawunsu a wannan lokaci. Likita zai nuna ko ya ga yaro mai ɗaya daga cikinsu a watan da ya wuce, kuma guda nawa. In bai ga ko ɗaya ba, akwai gurbin da zai nuna cewa bai gani ba, ya mayar da katin. Shekara da shekaru, kimanin tara cikin goma na katunan sun riƙa dawowa.

Wannan gurbi na "ban gani ba" shi ne ƙashin bayan tsarin. Shiru yana iya nufin babu ciwon, yana kuma iya nufin likita ya manta ko aiki ya sha masa kai. Amma in ya rubuta da hannunsa cewa bai gani ba, to an sami amsar da za a iya dogara da ita. Inda likita ya ce ya gani, masu binciken wannan ciwo sukan aika masa takardar tambayoyi: shekarun yaron, alamomin da ya zo da su, abin da gwajin jini ya nuna, maganin da aka ba shi da yadda ya ƙare. Tsarin ya yi tasiri har wasu ƙasashe suka kwaikwaya, cikinsu akwai Jamus, Holan, Kanada da Ostareliya, inda 'yan'uwanmu da yawa ke zaune.

Mun san irin wannan ƙirga tun a gida

Dattawan da suka taso a Gana, musamman waɗanda suka san Tamale, Salaga da Yendi, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, domin sun ga abin da ƙirga ta yi wa kurkunu. A 1989 an ƙirga kusan mutum 180,000 masu kurkunu a Gana. Aka zaɓi masu aikin sa-kai a ƙauyuka, kowa da littafinsa, yana shiga gida-gida yana rubuta wanda tsutsar ta fito masa, yana miƙa rahoto kowane wata, har da watan da bai ga kowa ba. Da wannan littafi aka san tafkin da za a sa wa magani da ƙauyen da za a raba wa matata. Mutum na ƙarshe ya kamu a 2010 a yankin Sabelugu, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Gana ta rabu da kurkunu.

Katin likitocin Ingila ɗan'uwan wancan littafi ne. Bambancin kawai, a can maƙwabci ne ke ƙirga, a nan likita ne.

Abin da katin ya riga ya gyara

Misali biyu sun isa. Akwai ciwon da ake kira Reye, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa da hanta bayan yaro ya yi mura mai zafi ko ƙarambau, kuma yana kisa. An gano yana da alaƙa da asfirin. A 1986 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 asfirin. Katin ya ci gaba da ƙirga, aka ga ciwon ya ragu ƙwarai a ƙananan yara amma bai bar 'yan samari da 'yan mata ba, sai a 2002 aka ɗaga hanin zuwa shekara 16. Wannan tunatarwa ce ga kakanni masu zuwa da maganin ciwon kai daga gida: a karanta jikin kwalin, in akwai asfirin a ciki kada a ba yaro, sai in likita ne ya rubuta.

Na biyu shi ne allurar bitamin K da ake yi wa jariri ranar haihuwa. Rahotannin katin sun nuna cewa zubar jini mai haɗari, har a cikin kai, ya fi samun jariran da ba a yi musu ita ba. Duk uwar da ta haihu a asibitin ƙasar nan an tambaye ta izinin wannan allura, kuma ƙirgar likitoci na cikin hujjojin da suka tsayar da ita.

Abin da ya nuna a kan bitamin D

Sau biyu aka sa ƙarancin bitamin D a jikin katin. Na farko daga Satumba 2011 zuwa Satumba 2013, inda aka ƙirga yaran da suka yi jijjiga saboda kalsiyam ya faɗi a jininsu. An sami yara 91, galibinsu jarirai, kuma maza sun fi yawa. Da aka auna da yawan kowace al'umma, a cikin yaran Turawa bai kai yaro ɗaya cikin miliyan a shekara ba. A cikin yaran baƙar fata kuwa ya kai kimanin 21 cikin miliyan, a cikin 'yan Kudancin Asiya kimanin 26.

Na biyu shi ne binciken yara 125 da muka ambata. Daga cikinsu 116 ba su kai shekara biyar ba, kuma yawanci wajen wata 18 aka gano ciwon, wato daidai lokacin da yaro ya fara tafiya nauyinsa ya hau ƙafa. Kashi 70 cikin 100 maza ne. Abin da aka fi gani shi ne ƙafar baka da kumburin wuyan hannu. Wasu sun zo da karaya, wasu da jijjiga, wasu da kumburin zuciya. Mafi yawansu ba a ba su ɗigon bitamin D kafin ciwon ya bayyana ba.

A lura da abu ɗaya. Katin yana ƙirga yaron da ya isa hannun babban likitan yara ne kaɗai. Wanda likitan unguwa ya yi wa magani bai tura shi gaba ba, da wanda ba a kai ko'ina ba, ba sa cikin lissafi. Don haka 125 ɗin nan kan tulu ne kawai aka gani, sauran yana cikin ruwa.

Me ya sa yaranmu?

Aikin bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, kalsiyam kuwa shi ne simintin ƙashi. In bitamin ya yi ƙaranci, ƙashin yaro mai girma ba ya ƙwari, sai ya lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi. Jijiyoyi da zuciya ma da kalsiyam suke aiki, shi ya sa in ya faɗi ƙwarai a jini ake samun jijjiga ko raunin zuciya.

Mafi yawan bitamin D fatar mutum ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Ankara da Kumasi suna kusa da tsakiyar duniya, rana a tsaye take a kanmu duk shekara. Landan kuwa tana can sama da digiri 51 a arewa, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta haɗa bitamin, ko da gari ya yi haske. Ga ma'auni mai sauƙi: in inuwarka ta fi ka tsawo, ranar ba ta ba ka wani abin kirki. Wadda ta ratso gilashin taga ma ba ta aikin, domin gilashi yana tare hasken da ake bukata.

Baƙar fata kariya ce da Allah Ya yi mana daga zafin rana, amma tana bukatar lokaci mai tsawo a rana fiye da farar fata kafin ta haɗa abin da ya isa. A haɗa da zaman bene, da aikin dare, da suturar da iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata ke yi. Babu wanda ke cewa a rage sutura. Ko an rage, ranar Disamba a Landan ba ta da abin bayarwa. Abin da ake cewa shi ne a cike gurbin da ƙwaya ko ɗigo.

Jariri kuwa daga jikin uwa yake ɗiban ajiyarsa tun yana ciki. In uwa ba ta da shi, a haka za a haife shi. Nonon uwa shi ne abincin da ya fi kowane ga jariri, babu ja a kan wannan, sai dai bitamin D da ke cikinsa kaɗan ne. Uwar da ta yi goyon ciki cikin sanyi, ta yi arba'in a ɗaki, tana shayar da nono zalla kamar yadda aka koya mata, ta yi duk abin da ya dace, amma jaririnta na iya shiga haɗari in ba a ɗiga masa bitamin ba. Abinci kaɗai da wuya ya isar. Ana samun bitamin D a kifi mai maiƙo irin sadin, amane da makarel ɗin da muke kira saman a gida, da ƙwanduwar ƙwai, da wasu abincin karin kumallo da aka ƙara musu shi. Madarar shanu ta kanti a ƙasar nan galibi ba a ƙara mata.

A gida ma akwai, amma ta wata hanya

Wani dattijo zai ce ai ya ga yara masu ƙafar baka da gwame a Nima da Aboabo, inda rana ba ta ƙaranci. Gaskiya ne, kuma an bincika. A garin Jos na Najeriya, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi gwaji a kan yara 123 masu laushin ƙashi, aka buga sakamakon a 1999. Sun gano yaran na samun kalsiyam kimanin miligiram 200 ne a rana, wato bai kai rabin abin da masana ke so yaro ya samu ba, domin abincinsu tuwon masara ne da kunu, babu nono. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai.

Darasin ya shafe mu ta fuska biyu. Masu aika kuɗin abinci gida, ko masu tura yara hutu da karatun allo wajen kakanni, su tuna da nono, wagashi, miyar kuka, zogale, da ƙananan kifin da ake daka su da ƙayarsu. A nan Ingila kuma, yaron da aka yaye a kan koko, shinkafa da tuwo, ba ya shan madara, ya haɗa rashi biyu: babu rana, babu kalsiyam. Haka yaron da madarar shanu ba ta karɓe shi ba aka cire masa ita. Binciken 2015 ya sami irin waɗannan yara da dama a cikin masu ciwon. In likita ya ce a daina ba yaro madara, a tambaye shi da me za a maye gurbinta.

Alamomin da za a lura da su

Yawancin yara suna da 'yar ƙafar baka lokacin da suka fara tatata, kuma takan miƙe da kanta wajen shekara biyu zuwa uku. Wadda ke bukatar likita ita ce mai ƙaruwa maimakon raguwa, ko wadda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ko mai ciwo. A kuma lura da kaurin wuyan hannu da idon sawu, ƙullutai a jere a kan haƙarƙari, maɗigar da ta daɗe ba ta rufe ba, jinkirin haƙora, jinkirin zama, rarrafe ko tafiya, da yaron da ke kuka in an tsayar da shi ko ba ya son a ɗauke shi. A 'yan samari da 'yan mata yakan zo da ciwon ƙafa da baya, gajiya, da ɗaurewar tsoka.

Akwai alamun da ba sa jiran gobe. Jaririn da ya yi jijjiga, ko jikinsa ya sandare, ko numfashinsa ke ƙara ko sauri, ko ya kasa tsotso yana gumi yana laushi, a kira 999 nan take. Addu'a da tofi ba su hana ɗaga waya ba. Mai tofi ya yi tofinsa, wani ya kira motar asibiti. Jijjigar da ƙarancin kalsiyam ya kawo tana tsayawa idan an ba yaro kalsiyam a asibiti.

Gano ciwon gwajin jini ne da hoton wuyan hannu ko gwiwa. Maganinsa bitamin D mai ƙarfi na wasu watanni, tare da kalsiyam in ana bukata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: in an kama da wuri, ƙafafu kan miƙe yayin da yaro ke girma, ba safai ake kai ga aiki ba. Kada a yi wa yaro hukunci a gida, domin akwai wasu cututtuka masu kama da wannan. Akwai laushin ƙashi na gado wanda ƙoda ke zubar da sinadarin fosfet, bitamin na kanti ba ya warkar da shi. Akwai kuma ciwon Blount da ke lanƙwasa ƙwauri, wanda ya fi yawa a yaran baƙar fata. Gwaji ne kaɗai ke rarrabe su.

Tsoron da ke hana mu zuwa

Mun san abin da ake faɗa a ɗakunan suna da wajen biki: in ka kai yaro za su rubuta sunanka, za su turo masu ƙwace yara, za su tambayi takardu. Ya kamata mu amsa waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Katin ruwan goro ba ya ɗauke da sunan yaro. Adadi kawai likita ke sawa. Takardar tambayoyin da ke biyo baya tana ɗaukar 'yan bayanai kamar ranar haihuwa da lambar asibiti, don kada a ƙirga yaro ɗaya sau biyu in likitoci biyu suka gan shi. Kowane bincike sai ya sami izinin kwamitocin da ke kare sirrin marasa lafiya, kuma abin da ake bugawa jimilla ce, ba labarin gidan wani ba. Bayanin na masu binciken lafiya ne. A Ingila iyaye suna da damar cewa kada a yi amfani da bayanan yaronsu wajen bincike, kuma hakan ba ya taɓa maganin da za a yi masa.

Game da takardu, a Ingila kowa yana da damar yin rajista da likitan unguwa kyauta, ba tare da an bukaci shaidar izinin zama ba.

Game da zargi kuwa, jinkiri ne ya fi jefa iyali cikinsa. A 2009 wani jariri ɗan wata huɗu ya rasu a Landan, aka ga karaya da yawa a jikinsa, aka gurfanar da iyayensa. Binciken gawa ya nuna yana da laushin ƙashi mai tsanani da ba a gano ba, mahaifiyarsa ma tana da ƙarancin bitamin D. Sai a Disamba 2011 kotu ta wanke su, bayan fiye da shekara biyu cikin tuhuma a kan rashin ɗansu. Gwajin jinin da aka yi da wuri aka rubuta sakamakonsa kariya ne ga yaro, kariya ne kuma ga iyaye.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an je wajen likita a faɗa masa komai: abin da yaro ke ci, ko nono yake sha, ko an ba shi jiƙo ko wani magani daga gida, ko wani a dangi yana da irin wannan ƙafa. A riƙa zuwa da jan littafin nan na awon yaro, a sa ma'aikaciyar lafiya mai ziyarar gida ta rubuta ranar da aka fara ɗigo. In kuma wani magani, na asibiti ko na gargajiya, ya yi wa yaro illa, akwai kati mai ruwan ɗorawa na hukumar kula da magunguna, MHRA, wanda iyaye da kansu za su iya cikewa a intanet, ko mai kantin magani ya taimaka musu.

Awon da hukumar NHS ta bayar

Jariri mai shan nonon uwa, daga haihuwa zuwa shekara ɗaya: maikirogiram 8.5 zuwa 10 kullum, ko da uwar tana shan nata. Jariri mai shan madarar gwangwani ta jarirai mililita 500 ko fiye a rana ba ya bukata, domin an riga an sa a ciki. In bai kai haka ba, a ɗiga masa. Yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu: maikirogiram 10 kullum, duk shekara. Mai ciki da mai shayarwa: maikirogiram 10 kullum. Sauran manya da yara masu baƙar fata, da masu rufe jiki, da tsofaffin da ba sa fita: shawarar ita ce 10 kullum, rani da damina. A jikin wasu kwalabe za a ga 400 IU, daidai yake da maikirogiram 10.

Yawa ma illa ne, yana iya taɓa ƙoda. Kada jariri ya wuce 25 a rana, ɗan shekara ɗaya zuwa goma 50, babba 100, sai da umarnin likita. Kada a haɗa wa yaro ɗigo da man hantar kifi da wani ruwan bitamin a lokaci guda. Mai ciki ta guji hanta da man hantar kifi saboda yawan bitamin A.

Iyalan da ke cikin shirin Healthy Start suna samun ɗigon yara da ƙwayar iyaye mata kyauta, kuma hukumar ta bayyana cewa sun dace da masu cin halal. Wasu ƙananan hukumomi suna raba wa kowa ba tare da duba albashi ba, a tambayi ungozoma ko cibiyar yara ta unguwa. Wanda bai cancanta ba zai samu a kantin magani da kuɗi kaɗan. Mai azumi ya sha nasa da sahur ko bayan buɗa-baki.

An gwada, ya yi aiki

A tsakiyar Bamingam, inda Musulmi da baƙi suka yi yawa, hukumar lafiya ta fara raba bitamin kyauta ga dukkan masu ciki, masu shayarwa da ƙananan yara daga 2005, tare da wayar da kan jama'a. Cikin shekara huɗu zuwa biyar, yaran da ake kaiwa asibiti da alamun ƙarancin bitamin D sun ragu da fiye da rabi, duk da cewa ba kowane gida ne ya karɓa ba. Da ƙirga aka san haka: an ƙirga kafin a fara, an ƙirga bayan an yi.

Abin da muke roƙon dattawa

A zango maganar kaka ta fi ta takarda nauyi. Uwar da ta haihu na fari, abin da uwar mijinta ko gwaggonta ta ce shi take bi. Don haka muke roƙon Hajiyoyi da magajiyoyi: idan kun je barka, bayan kun tambayi lafiyar mai jego da ruwan nono, ku tambaya ko an fara ɗiga wa jariri bitamin D. Masu haɗa kayan suna, a cikin sabulu da zannuwa a sa kwalbar ɗigo ɗaya. Malamai da limamai, kalma biyu bayan huɗubar suna za su kai inda wannan takarda ba za ta kai ba. Iyaye maza, ɗigon nan ba aikin mata kaɗai ba ne. Mai fita aikin safe yana iya ɗigawa kafin ya fita. Matasa masu Turanci, ku raka iyayen da harshen bai zauna musu ba, ko ku nema musu tafinta, domin asibiti na bayarwa kyauta.

In kuma kun ga yaron maƙwabta yana tafiya ƙafa a lanƙwashe, kada a sa masa suna ana dariya, kada kuma a ce ai haka kakansa yake. A ja uwar gefe cikin mutunci a ce ta kai shi a gwada jini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wani lokaci baƙo ne ke fara ganin damshin bango.

Likita ba zai rubuta a kati abin da ba a kawo masa ba, hukuma kuma ba za ta ware kuɗi ga matsalar da ba ta cikin lissafi ba. Yaron da aka kai ya sami magani, ya kuma zama hujjar da za ta sa a kula da na baya. Wanda aka ɗiga masa tun ranar farko kuwa, da yardar Allah sunansa ba zai taɓa shiga wannan lissafi ba.

Duk mai tambaya a kan awo, ko a kan yadda ake neman Healthy Start, ya tuntuɓi 'yan kwamitin lafiya a taron wata. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai mu bazara lafiya.